Abin da Turai Ta Ji Ta Bayan Zana

A kakar 1954 Habu ya ƙi yanka wa kan gida, iskan da ke tsare gidansu, jan zakaran da ubansa da kakansa suke yankawa a gindin tsamiya duk shekara in dawa ta nuna. Gidan Maguzawa ne, a wani ƙauye kudu da Tudun Wada. Habu ya yi jinyar gyambo a asibitin mishan, ya dawo ƙafa ta warke, ya iya karatun boko, ga kuma Littafin Kirista a aljihun taguwarsa. Tun da ubansa ya rasu shi ne mai gida, in bai yanka ba babu mai yankawa.

Mahaifiyarsa Turai ba ta yi faɗa ba. Ta aika wa wanta Nomau a Doguwa cewa in an gama sussuka ya zo ya ɗauke ta, don ba za ta zauna a gidan da aka hana iskoki rabonsu saboda wata takarda ba.

Da wani ɗan ne, da sai ya shiga ɗaki ya durƙusa ya ba ta haƙuri. To Habu ɗan fari ne. Turai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Ana yaye shi ƙanwar ubansa, Tasalla, ta ɗauke shi ta riƙe, har yau kuma in Turai za ta ambace shi sai ta ce wa Tasalla “ɗanki”. Shi ma ko ƙofar ɗakinta ba ya takawa.

Sai ya samo dabara. Kullum da la'asar ya kife turmi a jikin zanan da ya kare ɗakin Turai, ya zauna yana karanta wa Goggo Tasalla Littafi, ita kuma tana ɓarar gyaɗa. Tasalla ta sha gaya masa ita ba kurma ba ce, ya daina yi mata shela kamar sankira. Ta bayan zana kuwa ana jin mazari yana juyawa a kan tasa.

Habu ya kawo hujjojin da malamin mishan ya koya masa. Ya ce Littafin nan hannaye da yawa suka kwafe shi, a ƙasashe da yawa, kuma duk bakinsu ɗaya. Amsa ta fito ta bayan zana.

“Tasalla, tambayi ɗanki. Bara da aka ce kura ta yi magana a dajin Falgore, daga Kiru har Bebeji ai bakin kowa ɗaya ne. Ta yi maganar?”

Tasalla ta yi dariya har gyaɗa ta zube. Wata rana ya nuna tabon ƙafarsa ya ce ga shaida. Aka aiko masa cewa allura ce ta warkar da shi, kuma allura ba ta iya karatu ba. Da ya ce masu ilimi sun bincika sun tabbatar, Tasalla da kanta ta ce masa tun da take ba ta taɓa jin mai tallan daddawa ta ce tata ba ta da daɗi ba.

Aka gama sussuka. Nomau ya aiko cewa gobe yana tafe. Turai ta ɗaure tukwanenta da faifanta a tsohon zane, ta ajiye a bakin ƙofa. Ran nan Habu ya zauna kan turmi ba shi da sauran hujja. Ya buɗe inda ya tsaya jiya, ya ci gaba da karatu, murya ƙasa-ƙasa. Wurin da aka rataye Yesu a kan itace ne, mahaifiyarsa na tsaye kusa tare da wasu mata. Yesu ya dube ta, ya dubi wani amininsa, ya damƙa masa ita, aminin kuma ya tafi da ita gidansa.

Mazari ya tsaya.

Turai ta ce Tasalla ta tambaya, shi wanda aka rataye ɗan matar na nawa ne. Habu ya ce na fari. Ta ce a duba, me uwar ta ce. Habu ya bi layukan da yatsa, ya koma baya, ya ce ba a rubuta ta ce komai ba, tana dai tsaye. Ta ce shi fa, ya kira ta Inna? Ya ce a'a, bai kira ta haka ba, sunanta ma bai faɗa ba.

Kaji suka matso suna tsattsagar gyaɗar, Tasalla ba ta kore su ba.

“Na ga matar Bature ran da na kai fura asibitin nan,” in ji Turai. “Tana rungume da ɗan farinta gaban jama'a, tana ta kiran sunansa kamar mai kiran akuya. Wanda ya tashi a haka ba zai iya ƙaga wannan ba. Da Bature ne ya ƙaga, da uwar ta faɗi tana birgima. Wanda ya ba da labarin nan yana wurin, Tasalla. Ya ga uwar.”

Habu ya sunkuyar da kai. Duk zamansa a asibiti ya ɗauka Tasalla ce take aiko da furar nan da mai gadi yake miƙo masa.

Masana za su ce mutanen waccan ƙasa ba su san kunyar ɗan fari ba, wataƙila kuma suna da gaskiya. Daga baya ma a majami'a an riƙa cewa hujjojin Habu ne suka ci ƙarfin tsohuwa. Hujjojin kam duk ta mayar masa da su ta kan zana, ɗaya bayan ɗaya.

Da hantsi Nomau ya iso da jakinsa. Turai ta kawo masa ruwa, suka gaisa, ya tambayi kaya. Ta ce ya yi haƙuri, ba bana ba. Ya dube ta, ya dubi Habu da ke riƙe da igiyar jaki, ya tambaye ta ko ita ma ta bi 'yan mishan ke nan.

“Ban bi kowa ba, Yaya. Wuri ɗaya na kama Littafin nan da gaskiya. Zan zauna in ji sauran, ko zan kama shi da ƙarya.”

Nomau ya ce iskoki fa? Ta ce iskoki sun san inda ɗakinta yake, in suna da magana su zo su same ta. Ya yi ta mita cewa an sa shi ya baro ingiricin dabbobinsa a gona a banza, Tasalla ta ce masa ai ya zo ya ga dangi, da can sai an yi mutuwa ake ganinsa. Ya ci tuwo, aka ɗaura masa daddawa da kuka, ya hau jakinsa.

Ƙunshin kayan yana nan a bakin ƙofa. Turai ta wuce ta gabansa, ba ta dubi kowa ba, ta ce wani ya kawar da kayan nan, rana na dukansu. Tasalla ta yunƙura za ta tashi, sai ta fasa ta koma ta zauna. Habu ya ɗauki ƙunshin, ya tsaya da shi a bakin ƙofar, bai san inda zai ajiye ba.

Daga cikin ɗaki Turai ta ce, “Ciki.”

Ya tuɓe takalmansa, ya sunkuya ya shiga.