Bahago Ya Tashi

…ya tashi! Wallahi ya tashi, Yaya Maliki! Da idona na gani — ƙeya da baya duk sun taɓa ƙasa, ƙura ta turnuƙe ɗan gilashinga, sai ga shi tsaye shina karkaɗe kafaɗa kamar ba shi anka doka ba. Kai! Kai, mutanen Japan! Ashe haka wasanku yake?

Ni kuwa dolo, tun da Wakili mai babur, wanga mai kawo kaya daga Maraɗi, yab ba ni aron akwatin wasanga, da zarar Bahago ya faɗi sai in kashe akwatin in jefa aljihu. Mi za ni jira? An kashe mutum. Haka munka tashi munka gani a fagen dambe: gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, shi ke nan, mai kalangu ya sauya kiɗa, a kwance maka zare ka kama hanyar gida. Yau ne haushi yak kama ni, na yi ta danna maɓallan kamar mai susar ƙaiƙayi, sai… tashi! Ashe muddin jan layinga na saman gilashi bai ƙare ba, da sauran mutum.

Ni na raɗa mai Bahago. Wakili yac ce sunansa na can ba shi faɗuwa a bakin Bagobiri. Wai daga littafin zane sunka ciro shi, wai littafin nasu ta dama ake buɗe shi irin namu na makarantar allo. To wa ya sani, ko dangi ne sunka ɓace mana? Dubi hagunsa a naɗe da tsumma har gwiwar hannu. In wanga ba ɗan dambe ba ne, ni ba Jibrilla ba ne.

Gugana na nan bakin rijiya, Yaya, kar ka fara min faɗa daga can kudu. Na sa shi layi tun sanyin safiya, bayan na Tani mai fura. Rijiyar nan da munka tona cikin yashin gulbi, bayan Unguwar Lalle, ita kaɗai tar rage, tana tsatso ruwa kamar hawayen marowaci. Baba Malami na zaune bakinta da sandarsa — in ya taɓa guganka ba ka kusa, ƙarshen layi, ko ɗan wa ne kai. In rana ta take tsaka kuwa sai laka. Na sani. Na sani mana! Akwai sauran mutane gabana. Kyalla, saniyar Inna, na tsaye gindin aduwa, ina kallonta da wutsiyar ido.

Tsaye take. Ƙafafun na rawa kaɗan, amma tsaye take.

Duƙa! Duƙa, ɗan banza, ga ƙafa nan tafe — yawwa! Wanga Dogo Mai-ƙaho shi ne abokin karawa na ƙarshe a wasan, ban taɓa wuce shi ba. Mugu ne, shina ja da baya kamar mai tsoro, ka biyo shi, ya ɗauke ka da ƙahon. Yau na gane ka. Zo. Zo mana, uban wa kake jira?

Ranar da kak kora garke kudu, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, damina ta sake yi mana ƙarya, ko kallona ba ka yi ba kana ɗaure buta. "Saniyar Inna ba ta iya tafiya. Ka ba ta ruwa kullum, kar ka bari ta kwanta. Bana wadda tak kwanta ba ta tashi." Na ji. Na ce maka na ji. Ita ke nan ta Inna, ɗan nonon da take samu na kunu daga gare ta ne, wa zai gaya min? Kullum ina nan. Ka tambayi Baba Malami in ka dawo, ko rana guda…

Ash! Ya same ni. Ƙasa. Danna, danna, danna — tashi, Bahago, tashi don girman Allah — ya tashi! Hahaha! Ka gani? Ka gani, Yaya? Ya sake tashi! Jikina duk tsuma yake, rabon da in ji haka tun dambena na Bafarawa.

Bafarawa… ranar kasuwa, bayan kaka, shekarar da anka yi gero na ƙarshe. Kalangu na kiran sunana, 'yan mata na guɗa. Ƙaton nan na Shinkafi, ai na gama da shi, idonsa guda ya rufe, numfashi yake kamar jaki ya hau tudu. Ƙafata ce taz zame kan yashi. Ba naushinsa ba ne, kowa ya gani. Gwiwa ce kawai, ita ma ɗan taɓawa, na miƙe nan take — amma kalangu ya riga ya juya. Kai kak kwance min zaren, a hankali, kana naɗe shi a hannunka, ba ka ce uffan ba. Da ma zagina kay yi. Wallahi shirun nan ya fi min naushi zafi, har yau shina ci na. Ban ƙara sa zare ba. Daga baya ma fari yaz zo, wa ke dambe da cikin wofi?

Da a Japan ne da na tashi. Ka ji? Da na tashi na kashe shi.

Wa ke kira? Wani Jibrilla ne, Jibrilla sun yi yawa a garinga. Ina zuwa, Baba Malami, ina zuwa! Yanzun nan. Ba a ajiye abinga tsakiyar turmi, ka ajiye a kashe ka. Kuma Wakili na dawowa daga Isa da azahar ya karɓi abinsa, ya ce ya samu mai saye a Sabon Birni. Yau ne ko babu. Jan layin Dogo saura ɗan ƙiris, bai kai farce ba. Nawa ma haka. Numfashi guda, Baba, ruwa ba ya gudu a numfashi guda…

Ja baya. Bar shi ya biyo. Haka, haka… ya sunkuyo da ƙahon — yanzu! Hagu! Hagu, Bahago!

Ya faɗi! Ya faɗi bai tashi ba! Layin ya ƙare ƙaf! Allahu akbar! Na kashe shi, jama'a, na kashe Dogo! Ina mai kalangu? Ina masu guɗa? Ni ne Jibrilla na Inna, hagu mai raba gardama! Yaya, da kana nan yau dole ka yi magana, dole —

Ba mai kallona. Mi ya sa ba mai…

Inuwata ina? Ga ta ƙarƙashin ƙafata. Yaushe rana tak kai nan? Wancan gugan da ke yashe can bayan jarkoki, mai jar igiya… nawa ne. Tani ta tafi. Wanda ke bakin rijiya laka yake jawowa, baƙa, shina zubarwa.

Kyalla. A'a. A'a, a'a, Kyalla, kar ki yi min haka — ta lanƙwasa ƙafafun gaba. Gudu. Kafaɗa ƙarƙashin ƙirjinta, ɗaga… wayyo nauyi, ƙashi zalla amma nauyi. Na baya suna tsaye, ai suna tsaye, ba ta kwanta ba tukuna. Jama'a, ku kawo sanda! Ko rabin ƙwarya, Baba Malami, ko lakar ce a tace! Babban yatsana… mi yake yi? Danna haƙarƙarinta yake, danna, danna, na kasa hana shi.

Tashi. Tashi mana, 'yar Inna. Gwiwa ce kawai tat taɓa ƙasa, Yaya Maliki. Gwiwa ce kawai…