Bayan Dodo Ya Taɓa Ƙasa

Tun da ciwon gwiwa ya raba Nomau da wasan rugbi a Faransa, wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu ana kayar da juna, ya dawo Zinder, zama ya gagare shi. Yau yana Gidimuni, gobe yana Dogo, yana tattaro ƴan kokawa ya koya musu wasan, tunda kayar da mutum sana'arsu ce.

Ranar gwaji, ɗaya daga cikinsu, Mahamud, ya rungumo ɗan'uwansa ɗan kokawa Dodo mai riƙe da ƙwallo, ya maka shi da ƙasa, sannan ya ɗaga hannuwa yana zagaya fili da kirari. Dodo kuwa ya karkaɗe jiki ya nufi inuwa. Ƙwallon na yashe, ba mai kallonsa.

Nomau ya ɗingiso yana huci. "Dodo, wa ya sallame ka?"

"Ai bayana ya taɓa ƙasa, Malam. An gama."

Nomau ya sunkuci ƙwallon, ya tunkari Mahamud. "Kayar da ni!"

Mahamud ya nana shi da ƙasa. Gwiwar Nomau ta amsa har cikin kansa. Ya cije, ya dafa ƙasa, ya miƙe.

"Sake!"