Kakar Rachel ta Wales

Tun ranar da Safwan ya shigo mata gida a Small Heath da Baturiyar nan Rachel, Hajo ta yanke hukunci: auren nan ba zai yiwu ba. Ɗa ɗaya tilo, ta raine shi cikin sanyin Birmingham, sannan wata mai idon mage ta taso daga Manchester ta ɗauke? Ina! Amma ta san taurin kan ɗanta, don haka ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Mu a gidanmu ba a aure sai an yi binciken asali. Ta kawo min kakanninta."

A ganinta magana ta ƙare. Wane Bature ne ya san kakan kakansa?

Ashe yarinyar 'yar naci ce. Ta shiga yawon dangi, har Wales ta je, ta bi tsofaffi da maƙabartu. Bayan 'yan watanni Safwan ya ce, "Umma, sun gama. Kakarta na jiranki a Longsight."

Hajo ta shiga motarsa tana cika tana batsewa, suka kama hanyar Manchester.

Kakar wata tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin ido. Ta kawo shayi da biskit, Hajo ko kallo. Rachel ta gyara zama ta fara bayani, fuskarta sai annuri. Tushensu, in ji ta, wata mata ce Gwenllian, 'yar mai fasa dutse a arewacin Wales, zamanin Sarauniya Victoria. Dutse ya danne ubanta, sai ta taho Manchester aikatau tana ƙaramar budurwa. Ɗan masu gida ya yi mata ciki, aka watso mata kayanta waje. Da wankau ta raini yaron, har hannuwanta suka tsattsage. Yaron nan shi ne kakan tsohuwar da ke zaune.

"Mijin fa?" Hajo ta tambaya da Turanci.

"Ba ta taɓa aure ba," in ji Rachel. "Kuma ina alfahari da ita."

Kai, daɗi kashe Hajo! Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa. Wace irin wauta ce wannan, mutum ya tono abin kunyarsa da hannunsa ya kawo a faranti? Ta juya ga ɗanta da Hausa: "To, ka ji da kunnenka. Tsatson shege. Jinin nan ba zai shiga zuri'ata ba."

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta ga yatsina. Ta dire kofinta. "Mu mun faɗi tamu. Ke uwar kakarki, ya sunanta?"

Ina Hajo za ta san wannan? Ko kakarta da ta goya ta a Zariya, Goggo kawai ta sani. Wa ya isa ya ambaci sunan babba a gidansu? Har matar ta koma ga Allah, Hajo ba ta taɓa jin an kira shi ba, balle na wadda ta haife ta.

"Mu 'yan asali ne," ta ce.

"Suna na tambaya," in ji tsohuwar.

Kunya da haushi suka turnuƙe Hajo. Ta miƙe zumbur, ta ja mayafi. "Kai, tashi mu tafi. Kuma in ka sake taka gidan nan ban yafe ba."

Safwan ya tashi, ya ɗauki jakarta, ya bi ta waje. Hajo ta ji sanyi a ranta, ɗanta dai nata ne. A bakin titi sai ya wuce motarsa, ya tsayar da tasi. Ya buɗe mata, ya ɗora mata jakar a cinya, ya ce wa direba ya kai ta tashar jirgin ƙasa.

"Umma, in kin isa ki kira ni."

Ya rufe ƙofar daga waje, ya koma cikin gidan.