Aron Tafin Hannu

"Tela, ajiye almakashin nan, ka ara mini hannunka."

Mati ya ɗago daga kan keken ɗinki. Baba Dabo ne, maƙerin da katanga ɗaya ta raba su a Baure, ya jingina da ƙyaure yana haki. Mutumin da aka ce ciwo ya kwantar da shi, ko kunu ba ya iya shanyewa! Mati ya bi shi, don shi dai bai iya ganin abu ya ƙyale ba.

A maƙera ya tarar da doguwar sandar ƙarfe, an ɗaure mata faffaɗar robar taya a baki.

"Mabugin wuta ne," in ji tsohon. "Bara na ƙera wa samarin da ke kashe gobarar daji, su huta da reshen darbejiya. Ka ga tafin ɗana Hussaini?"

Mati ya gani mana. Ƙarfen ya ɗauki zafi ya saɓule masa fata, har yau yatsu biyu ba sa miƙewa.

"To ba ka gwada ba ne, Baba?"

"Na gwada, da wannan!" Ya buɗe tafinsa, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. "Garwashi nake ɗauka da shi, me zai ji? Naka nake so, na mai lallaɓa yadi."

"Au, wato ni ne ragon unguwa?"

"Kai ka faɗa."

Wannan karon tsohon ya sa wa mabugin ƙotar icen marke, ya naɗe ta da fata, ya kafa 'yar garkuwar langa-langa a gaban yatsu. Ga ciyawa ta bushe, samari suna jira, amma ya rantse ba zai sake miƙa wa ɗan kowa ba sai hannu mai ji ya shaida.

Baba Dabo ya kwance robar don kada ta narke. Mati ya riƙe ƙotar, ya cusa wuyan ƙarfen cikin garwashi, tsohon ya zauna yana zuga.

"Da ka ji zafi ka yi ihu. Ban da jarumta."

Ƙarfe ya yi ja. Mati ya ƙura masa ido, yana jira, yana mamaki.

"Baba, wallahi ɗumi ne kawai! Ya yi! Wai me ya sa marke..."

Sai ya lura zugazugi sun yi shiru. Baba Dabo ya jingina kai da bango, hannuwansa na kan zugazugin.

"Baba? Baba Dabo! Innalillahi..."

Abin da ya fi ƙona wa Mati rai, bai san ko tsohon ya ji maganarsa kafin ya cika ba. Ya daɗe a tsugune, ƙotar na hannunsa, jan ƙarfen yana komawa baƙi a hankali.