Gyaran Wudil

Shekara uku Luka Ezekiel ya yi a Wudil, amma in ka tara duk hirar da ya yi da mutane a cikinsu, ba ta kai wadda mai shayin bakin tasha yake yi kafin hantsi ba. Ba wai an ƙi shi ba ne. Mutanen Wudil ba sa rowar gaisuwa. Za su tambaye shi gajiya, su tambaye shi iyali, su tambaye shi zafi, ya amsa duka da lafiya lau. Daga nan fa shi ke nan, kowa ya kama gabansa, shi kuma ya shige ɗakin kwamfuta da ke ƙarshen baranda ya turo ƙofa.

Mutumin Billiri ne. Ya zo ne a shekarun nan da soja suka koma bariki, gwamnonin farar hula suka shiga buɗe makarantu, ana neman wanda ya san kan kwamfuta ruwa a jallo. Matarsa Tabita malamar firamare ce a can gida, ta ce ba za ta bar aikinta da tsohuwarta ba. Aka tsaya a kan zai riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya koma bayan wata biyu. 'Yarsu Godiya ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta fara magana, duk a waya ya ji, yana tsaye gindin darbejiyar da sabis ya fi kamawa.

Aikinsa a jami'a shi ne kula da shafin intanet da ɗalibai suke rajista a kai. Manhajar da ke tafiyar da shafin ba ta da mai ita. Aikin gayya ce: mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta ta, kowa yana iya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta, ya gyara abin da bai yi masa ba. Al'adarsu ɗaya ce, in ka yi gyara mai amfani sai ka kai zaurensu na intanet, a duba, a zuba a cikin ta kowa. Luka shi ya ɗauko ta, shi ya girka ta a kan babbar kwamfutar da suke kira saba, shi ya nemo batiran babbar mota guda biyu ya haɗa mata don kada ta mutu in an ɗauke wuta.

To, batiran saba kaɗai suke iya riƙewa. Kwamfutocin da ɗalibai suke zama a gabansu kuwa, ana ɗauke wuta sun mutu. Su kuma waɗanda suka rubuta manhajar, Allah sarki, ko a mafarki ba su taɓa ganin an ɗauke wuta mutum yana tsakiyar rubutu ba. Fom mai shafi biyar suka yi, kuma ba ya ajiye komai sai ka kai ƙarshe ka danna.

A rajistar farko ne ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Wata yarinya ce Sakina, 'yar ƙauyen Achika, mahaifinta ya kawo ta a kan keke ya zauna jiranta a inuwa. Da yatsa ɗaya take neman kowane harafi. Sau huɗu tana kaiwa shafi na huɗu ana ɗauke wuta. A na huɗun sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Luka ya tsaya a kanta da hannu a aljihu, kunya ta ishe shi kamar shi ne mai ɗauke wutar.

Wata biyu ya yi yana fama, ba ji ba gani. Ya koya wa manhajar ta riƙa tura duk layin da ɗalibi ya cike zuwa saba nan take, a ajiye masa. In wuta ta dawo ya sake shiga, sai ya tarar da rabin fom ɗinsa yana jiransa. Ranar da ya gwada, da kansa ya fizge wayar wuta daga bango, ya mayar, ya ga rubutunsa yana nan daram. Ya miƙe ya ɗaga hannu sama, ya waiwaya. Ba kowa a ɗakin sai fanka.

Ya bi al'ada, ya kai gyaran zaure. Da Turanci ya rubuta, amma gaisuwar ta gida ce. Ya gaishe su da aiki, ya tambayi iyalansu, ya tambayi sanyin ƙasarsu, ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, sai a can ƙasa ya ba da labarin wuta da na Sakina mai yatsa ɗaya, ya liƙa fayil ɗin gyaran. Kwana uku yana leƙawa safe da yamma. A rana ta huɗu amsa ta zo daga babban mai kula da manhajar, wani mutumin ƙasar sanyi. Layi ɗaya ce tak. Ba sallama, ba sannu. Cewa ya yi wannan ba matsalar manhaja ba ce, su sayi batir.

Luka fa yana da zuciya, irin ta masu shiru, wadda ba ta tashi sama sai dai ta nutse. Ya karanta layin sau uku, ya yi tsaki, ya rufe shafin, ya sha alwashin shi da zauren nan har abada. Kuma ya cika. Shekara biyu cur bai sake leƙawa ba. Duk gyaran da ya ƙara daga baya, a cikin fayilolin manhajar kai tsaye ya riƙa zuba shi, bai ware shi gefe ba, bai rubuta a ko'ina ba. Wa zai rubuta wa? Ɗalibai suka saba da samun rabin fom ɗinsu, har suka ɗauka haka kowace kwamfuta take. Wannan gyaran shi ne kaɗai abin da zai iya nunawa in an tambaye shi me ya zaunar da shi Wudil har 'yarsa take ɓuya bayan uwarta in ya je gida.

Ana haka, wata Alhamis, Malam Isyaku shugaban sashen rajista ya leƙo. Mutum ne mai fara'a da son a yi abu jiya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji wai sabon zubin manhajar yana karɓar hoton ɗalibi, kuma hukuma tana son hoto a fom ɗin bana. Rajista ran Litinin za a fara. Luka ya ce to, ranka ya daɗe. Me zai ce?

Ran Juma'a gari ya cika ya batse, ranar kasuwa ce. Tun safe manyan motoci suke ta haye gada da shanu, ga motocin 'yan siyasa da lasifika suna kai da kawowa saboda zaɓe ya matso. Luka bai ma san ana yi ba. Sabon zubin yana saukowa ta faifan intanet da ke kan rufi a hankali, kamar famfon da ke ɗiga, har rana ta take. Kada a ce bai yi hattara ba: sunayen ɗalibai da bayanansu sai da ya kwafe su wuri uku. Da ma'aikata suka watse zuwa masallaci, baranda ta yi tsit, ya ɗora sabuwar manhajar a kan tsohuwar, ya danna. Aka tambaye shi ko ya tabbata a maye gurbin tsofaffin fayiloli. Ya ce ya tabbata.

Yana ɗauke yatsa ya farga. Sunayen ɗalibai ya adana, amma gyaransa ba a cikin sunaye yake ba. A cikin tsofaffin fayilolin yake, waɗanda ya ce a maye gurbinsu da bakinsa.

Ya bincika saba lungu-lungu. Ya zazzage durowa, ya gwada faya-fayen da ya ajiye, ya sami hotunan bikin sunan Godiya da waƙoƙin mawaƙan coci, bai sami layi ɗaya na gyaran ba. Aikin shekara biyu ya tafi cikin ƙiftawar ido, kuma ba wanda zai ce wa ya cuce shi. Ya zauna yana hango ran Litinin: layin 'yan ƙauyukan Utai da Dagumawa da Achika, da yatsa ɗaya-ɗaya, da wutar da ba ta awa guda a tsaye.

Wayarsa ta yi ƙara. Tabita ce. Ya fita gindin darbejiya ya ɗauka. Ta ce Godiya ce take ta tambayar ko Baba zai zo wannan Asabar. Ya ce aiki ya ɓaci, ba zai samu ba. Sai ta ce, “Baban Godiya, wai wannan aikin naka, akwai wanda ya san kana yin sa kuwa?”

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ya ce zai kira ta anjima.

A hanyar komawa ɗaki ya tuna. Akwai kwafi ɗaya a duniya: fayil ɗin da ya liƙa a zaure shekara biyu da suka wuce. Tsohon gyara ne, ɗanye, amma ya fi babu. Sai dai kafin ya kai gare shi dole ya sake wucewa ta kan layin nan na “ku sayi batir”. Ya haɗiye alwashinsa da ƙyar. Kalmar sirrinsa ma sai a gwaji na uku ya tuno ta.

Wasiƙarsa tana nan, da doguwar gaisuwarta. Layin mutumin ƙasar sanyi yana nan a ƙarƙashinta. Amma shafin bai ƙare a nan ba. Ya ja ƙasa, ya ja, ya sake ja. Amsa arba'in da bakwai.

Ta biyu ta zo ne awa shida kacal bayan ya rufe shafin cikin fushi. Wani malami ne a ƙasar Malawi, sunansa Chikondi. Sai da ya amsa gaisuwar Luka ɗaya bayan ɗaya, ya ce iyali lafiya, aiki da godiya, su ma zafi suke ciki ba sanyi ba, sannan ya ce a makarantarsu sau biyar ake ɗauke wuta a yini, ya gwada gyaran, ɗalibansa har tafi suka yi. Bayansa wata mata daga wata makaranta a cikin duwatsun Nepal ta ce su ma haka. Can sai ga mutumin ƙasar sanyi ya dawo. Ya ce ya ɗauka wutar sau ɗaya take ɗaukewa a shekara, ya yi gaggawa, a yi masa afuwa. Ya nemi izinin Luka a zuba gyaran a cikin manhajar kowa, kuma ya roƙe shi ya zama shi ne mai kula da wannan ɓangaren.

Suka jira shi. Da shiru ya yi yawa Chikondi ya ɗauki nauyin, ya ce riƙo yake yi kafin mai abu ya dawo. Duk bayan 'yan watanni sai ya rubuto, kuma kullum da irin gaisuwar Luka yake farawa: ina gajiya, yaya iyali, yaya zafin Wudil. Ya ba shi labarin abin da suka ƙara. Ya gaya masa an yi masa haihuwa. Ya tambaye shi yadda yarinyar nan mai yatsa ɗaya ta ƙare da karatunta. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta yi wata goma sha ɗaya, kuma gajeriya ce:

“Luka, ban sani ba ko kana raye. Mun sa wa gyaran sunan garinku. In ka ga wannan, ka ce wani abu, ko kalma ɗaya ce.”

Luka ya buɗe sabuwar manhajar da ya girka ɗazu. Ga shi nan a jerin abubuwan da ake kunnawa: Gyaran Wudil. A kunne ma yake zuwa. Ya fi nasa tsafta, ya fi nasa sauri, kuma a saman fayil ɗin an rubuta sunansa, Luka Ezekiel, na Chikondi a ƙasa. Ran Litinin ta tsira. Ya kamata ya yi murna, kuma ya yi, amma baƙin cikin ya fi yawa. Shekara biyu yana cin tuwonsa shi kaɗai yana cewa ba wanda ya damu da shi, ashe ana ta sallama a ƙofa, shi ne ya sa sakata.

Ya danna wurin amsa. Ya fara da gaisuwa, don bai iya fara magana ba tare da ita ba. Ya tambayi jariri, wanda yanzu ya isa tafiya. Ya ce Sakina tana aji uku, tana buga rubutu da yatsu goma. Ya rubuta, “Ina raye. Ina nan Wudil, kuma duk wannan lokacin”

Aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Ya'u mai kunna janareta daga masallaci kasuwa ya zarce, ba a ga ƙeyarsa ba sai bayan la'asar. Luka bai tashi daga kujerar ba. Ya zauna cikin zufa yana jin kukan shanu daga nesa, yana sake tsara wasiƙar a ransa, yana ganin ba za ta ƙara fitowa yadda ta fito da farko ba.

Da inji ya tashi, Luka ya kunna kwamfuta ya koma zauren. Ya manta shaf cewa zauren ma a kan manhajar yake tafiya. Wani ɗan layi ya fito a sama yana cewa ka bar rubutu ba ka gama ba, ko za ka ci gaba? A ƙasa ga gaisuwarsa, ga jariri, ga Sakina, har zuwa inda wuta ta yanke shi. Sai a lokacin ya gane abin da ɗalibai suke ji. Ya sa bayan hannu ya goge idonsa, ya ƙarasa jimlar: “ni kaɗai nake, kuma laifina ne.” Ya aika.

Amsa ba ta zo ranar ba. Wata goma sha ɗaya ba kwana ɗaya ba ne, mai yiwuwa Chikondi ya daina leƙawa, kuma Luka ya fi kowa sanin yadda ake yin haka. Ya bar shafin a buɗe, ya ja ƙofa bai kulle ba, ya nufi gindin darbejiya don ya ba Tabita amsar tambayarta.