Babu Na Wata Uku?

"Duk wanda ya zo neman inshorar rai da ƙafarsa, ba mu muka bi shi kasuwa ba, to likita ya riga ya gaya masa wani abu."

Ma'aikaciyar ofishin inshorar ce ta faɗa wa abokin aikinta da Turanci a bayan labule, tana wanke hannu. Maltiti ta ji. Babanta Ziblim bai ji ba, yana leƙen yalo-yalonsa, keken haya mai ruwan ɗorawa, da ya ajiye a bakin titi.

Shi ne fa ya taɓa korar ɗan inshora daga ƙofar gidansu a Lamashegu, ya ce rai na Allah ne, ba a yanka masa rasit. Yau da safe kuma ya ce ta ɗauko mayafi ta raka shi, ita ta gama sakandare, ita za ta riƙe biro.

Bai san ta ga takardar asibitin ba. Mako uku ke nan, tana wanke keken ta ɗaga kujera, ta same ta cikin leda tare da lasin. Ciwon hanta, nau'in C. A ƙasa likita ya rubuta cewa hantar ta riga ta taurare. Ta mayar yadda ta gani. Tun ranar take kallonsa: yadda yake ture kwanon tuwo, yadda maɓallin rigarsa ya daina rufuwa a ciki, yadda farin idonsa ya soma ɗaukar kalar keken.

Matar ta fito da fom. Sista Adzo sunanta, 'yar kudu ce, Hausar kasuwa take yi.

"Baba, yarinya naka ne? Ya iya Turanci?"

"Ta fi ki," in ji Ziblim. "Magana ce dai ba ta yi. A gida ma sai mun leƙa mu ga ko tana nan."

Maltiti ta rubuta suna, shekaru, sana'a. Da aka zo wanda za a ba kuɗin, ya ce, "Sa sunanki."

"Baba, Yaya Fataw fa?"

"Fataw babur zai saya. Ke ce za ki tuna ƙannenki suna makaranta."

Sai tambaya ta tara. Ta karanta a hankali, ta juya masa ita ba tare da ta ɗago ba: ko likita ya taɓa ce maka kana da ciwon hanta?

"A'a," ya ce da sauri.

Biron ya tsaya a sama. Sista Adzo ta kalli hannun Maltiti, sannan ta kalli idon Ziblim.

"Baba, in gaya maka gaskiya. In akwai, faɗa. Muna da mutane, sun sha magani, likita ya rubuta sun warke, mun karɓe su. Amma in ka ɓoye, ranar da abu ya faru kamfani zai je asibiti ya buɗe fayil. Yarinya naka zai koma gida hannu wofi."

Ya shafa gwiwa.

"Babu wani tsarin da ba a tambaya?"

"Akwai ƙarami, na jana'iza. Ba tambaya. Amma sai an yi wata shida ana biya kafin ya fara aiki."

Maltiti ta ga ya sa hannu ƙarƙashin tebur yana lanƙwasa yatsu.

"Wata shida," ya ce. "Bayan bikin Damba ke nan."

Ya sake lanƙwasa su daga farko, kamar bikin zai matso kusa in aka ƙirga da kyau.

"Babu na wata uku?"

Sista Adzo ta gyara takardun da ba su karkace ba. "Babu, Baba."

"To, kawo na shidan. Allah ne mai kwana."

Ya dangwala yatsa a tawada, ya danna inda aka nuna masa.

A waje rana ta take. Ya tayar da keken, ta zauna a baya. Tawadar ta ɓata masa riƙon hannu, yana gogewa da gefen riga, tana ƙara yaɗuwa.

"Kar ki gaya wa mamanki," ya ce. "Za ta ce na zama ɗan boko da tsufana."

Ya yi dariya shi kaɗai. Wata mata ta ɗaga hannu tana neman a kai ta Gumbihini, bai tsaya ba.

Maltiti ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, da wuyan rigar da ya yi masa yawa. Ta matso, ta dafa ƙarfen da ke tsakaninsu.

"Baba, na ga takardar da ke ƙarƙashin kujera."

Keken ya rage gudu.

"Wata nawa likitan ya ce?"