Shinkafar Inna

Surukata ba ta kiran sunan mijina. Ɗan farinta ne, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye ko da yana tsaye a kanta. Sunansa Mamuda. Ni Malam nake ce masa, ita kuwa "wancan". Saboda haka shekara goma sha tara na yi ina aikin 'yar aike tsakanin uwa da ɗa, a tsakar gidan da bai fi taku goma ba. Ta ce, Barira, ki gaya wa wancan ɗakina na yoyo, in juya in gaya masa, alhali ya ji da kunnensa.

Sunanta Baturiya, don fara ce, amma kowa Inna yake ce mata. Daga wani ƙauye kusa da Maradun aka auro ta zuwa namu, ƙasa da Bakura, a bakin fadama. Cikin kayan da ta zo da su har da ƙwarya guda ta irin shinkafa, ja, mai ƙamshi, mai bin ruwa. Idan cikowa ta zo, wato gulbi ya cika ya malale fadama, sai ita ma ta yi ta tsawo tana bin sa. Tun daga ranar gidanmu bai sake shuka wata ba. Maƙwabta ma suka karɓi irin, suka sa mata suna shinkafar Inna.

Sai aka gina dam aka toshe gulbi a Bakolori. Mu dai ba a tambaye mu ba, labari muka ji, sai kuma ƙurar manyan motoci. Daminar farko Malam ya shuka kamar kullum, ya zauna jiran cikowa, cikowa ba ta zo ba. Shinkafa ta fito, ta yi ja, ta bushe a tsaye. Damina ta biyu ya sake zuba rabin irin da ya rage. A wannan karon ruwa ya zo, amma ba a lokacinsa ba, rana ɗaya aka sako shi, ya kwashe shuka tun tana ƙarama. Maƙwabta suka haƙura, suka cinye nasu irin, wasu suka koma gero, wasu suka tafi neman aikin lebura. Malam kuwa ya tattara ragowar, ya gauraya da toka saboda ƙwari, ya zuba a randa, ya liƙe bakinta da laka. A ɗakina ya ajiye ta, bayan gado, don nan ne ba ya yoyo.

Daga nan mijina ya tashi daga gidanmu ya koma baɗi da zama. Jikinsa dai yana nan, yana cin tuwo, yana zuwa masallaci, amma in ka yi masa maganar yau sai ya amsa maka da baɗi. Katanga ta faɗi, sai ruwa ya dawo. Ɗiyarmu ta haihu a Ruwan Gizo, ya je suna bai ma tsaya an ci abinci ba, wai ya ji ana taro a kan maganar ruwa. Kowace Talata sai ya hau keke ya tafi Mafara, ba saye ba sayarwa, jin labari kawai. Ya dawo ya ce wani ya ji daga bakin wani cewa bana za a riƙa buɗe ƙofar dam a kan lokaci. Ko bayan rikicin da aka yi a bakin dam, wanda aka rasa rayuka, mutane suka kama bakinsu, shi bai daina zuwa ba. Da safe kafin ya fita sai ya leƙa bayan gadona ya shafa randar, ni ko kallo ban ishe shi ba.

Inna kuwa wata iri ce, kuma ba zan ɓoye ba, a lokacin haushinta nake ji. Ranar da labari ya zo cewa gonakin garinsu duk sun shige ƙarƙashin ruwa, mata suka cika gidan da jaje. Tana ɓarar gyaɗa. Ta yi salati, ta share ido sau ɗaya, sannan ta miƙa musu faifan ta ce su ɗanɗana, gyaɗar bana ta yi zaƙi. Na ce a raina tsohuwar nan ba ta da zuciya. Zaninta mai kyau, wanda ya kamata ta ajiye don salla, sai ta ɗaura shi ran Laraba ta zauna gindin darbejiya tana kallon 'yan tsaki. In na yi magana ta ce wa za ta ajiye wa, gara? Abinci kuwa in tana ci ba a yi mata hira. Loma ɗaya sai ta juya ta a baki kamar ba za ta sake samun wata ba. In wancan ya fara lissafin baɗi, sai ta ce da ni in gaya masa furarsa na tsami.

Randar ta yi damina biyu a rufe. A ta ukun, bayan ƙaramar salla, ciwo ya kwantar da Inna. Ba wani ciwo mai suna ba ne, tsufa ne da rashin cin abinci. Tuwon dawa ya daina wucewa, in ta haɗiya sai ya tsaya mata a ƙirji. Koko kaɗai take kurɓa, shi ma cokali uku. Wata safiya ina gyara mata shimfiɗa ta riƙe hannuna.

"Barira, ki ce ma wancan ina son tuwon shinkahwata. Malmala guda ta ishe ni."

Na same shi yana ɗaure kaya a keke, na faɗa masa. Bai ko ɗago ba. Ya ce in gaya mata ta yi haƙuri, iri ne, in Allah ya kai mu kaka mai zuwa za ta ci har ta ture. Na ce mudu ɗaya fa, me zai rage? Ya ce wanda ya buɗe don mudu ɗaya zai buɗe don na biyu, kuma duk ƙasar nan babu sauran wannan iri sai a randar nan. Gaskiya ya faɗa.

A nan na yi nawa laifin. Shekara goma sha tara ina ɗaukar saƙo, na saba da goge masa kaifi kafin in isar. Na koma na ce wa Inna ya ce to, za a duba. Shi kuma da ya tambaya da yamma, na ce ta haƙura. Na zaci zaman lafiya nake gyarawa. Bayan kwana uku ta sake aike na, na sake kawo mata za a duba. Ta dube ni, ta yi ɗan murmushi, ta ce wancan dai akwai dubawa.

Da Talata ta zagayo, shi da kansa ya kawo dabara. Ya sayo farar shinkafa a kasuwar Mafara, irin ta buhu da ake kawowa daga waje, ya ce in tuƙa, in ce tata ce, ai idonta ya yi rauni. Na tuƙa. Na yi miyar kuka, na zuba man shanu har ya yi yawa, don ya rufe asiri. Na tallabe ta ta zauna, na ba ta loma. Ta juya ta a baki yadda ta saba, a hankali, ido a rufe. Ta haɗiye don kada ta kunyata ni.

"Wagga ba tawa ba ta," ta ce. "Amma an gode. Miyarki ta yi daɗi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fita da kwanon na zauna bayan ɗaki na yi kuka, sannan na wanke fuska na ci gaba da aiki. Randar tana bayan gadona, taɓarya tana hannuna safe da yamma. Bugu ɗaya ya isa. Na sha tsayawa a kanta ina kallon lakar da ta bushe har ta tsage. Amma ni ma an raine ni a kan cewa ba a cin iri, mai cin iri ya cinye 'ya'yansa. Kuma ina tsoron Malam, ba tsoron duka ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ina tsoron abin da zai rage a jikinsa in babu randar.

Bayan babbar salla da kwana biyar, da hantsi, ta ce a fito da ita waje. Muka shimfiɗa mata tabarma gindin darbejiya. An yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙamshi. Ta daɗe tana shaƙa, ta ce da ni in ji, in daina kai da kawo in tsaya in ji. Ban tsaya ba, ina da wanki. Malam ya fito da kekensa zai wuce, ya rusuna daga nesa ya gaishe ta ta bakina, yadda aka saba. Ina shirin isar da gaisuwar sai na ji muryarta.

"Mamuda."

Keken ya kusa suɓuce masa. Ni kuwa sai da na waiga, na zaci wata baƙuwa ce ta shigo. Mutumin nan ya haura arba'in da biyar bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba.

"Mamuda, zo nan. Ba ni da baɗi. Yau ni ka da. Ka ba ni shinkahwata in ci."

Ya jingine keken, ya zo ya durƙusa a gabanta. Na ce shi ke nan, yau za a fasa randar. Har na fara tunanin inda na ajiye turmi. Kansa a ƙasa ya ce, a hankali har da ƙyar na ji:

"Inna, ba a cin iri. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ɗora hannu a kansa, ta ce Allah ya yi masa albarka, ta ce ya ɗan matsa, ya tare mata rana. Ya matsa. Ya hau kekensa ya tafi jin labarin ruwa.

Ran Juma'a ta rasu, bayan la'asar, ina ba ta ruwa a cokali.

Ranar sadakar uku, da sassafe, ina hura wuta na ji ƙara daga ɗakina. Na shiga na tarar da shi tsugune, ya fasa bakin randar da ƙotar fartanya, toka ta bule masa fuska. Ya ce in kira mata su taya ni casa, a tuƙa duka, a ba masu zuwa gaisuwa. Na tsaya ina kallonsa. Na ce irin fa? Na ce, yanzu da ta tafi ne iri ya zama abin ci?

Bai dube ni ba. Ya ce irin ya mutu. Ya ce tun kafin azumi, ranar da na je Ruwan Gizo duba jika, ya buɗe ya ɗebi tafi guda, ya sake liƙewa. Ya jiƙa a tsumma ya ɓoye a zaure, ya yi ta yayyafa ruwa kwana goma sha biyu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsaga ba. Ya sake gwadawa da wani tafin, haka.

"Tun kahin ta kwanta ke nan," na ce.

"Tun kahin."

"Da tak kira sunanka, ka sani?"

"Na sani."

Na tambaye shi don me, don girman Allah don me. Ya ɗebi shinkafar a hannu yana barin ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"In tana ruhe, ina da abin jira," ya ce. "In anka dahwa, mi za ni jira?"

Ban ba shi amsa ba, kuma har ya koma ga Allah ban ba shi ba. Na yi zaman aure da shi shekara tara bayan wannan, na dafa masa, na wanke masa, na yi jinyarsa. Ban ce na yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Kaina ma ban yafe wa ba, don wata biyu ina kwana taku ɗaya daga mataccen iri ina gadinsa, tsohuwa tana ƙarewa a ɗakin da ke kusa.

Muka casa, muka bushe, muka wanke tokar. Tukunya biyu aka ɗora. Da ta fara tafasa ƙamshin ya cika unguwa, har ya kai ga tsofaffin da ke zaune a ƙofar gida. Aka fitar da akussa. Ina jin su ta katanga suna santi, wani yana cewa rabonsa da wannan tuwo tun kafin a toshe gulbi, wani yana cewa Allah ya ji ƙan Baturiya, ta tafi ta bar mana daɗi. Suka sa wa Malam albarka, wai ɗa na gari ne, ya karrama uwarsa da abin da ta fi so.

Ni ban yi niyyar ci ba. Sai da aka watse, ina kankare tukunya, na ga ragowa a gefe, na gutsura na kai baki. Duk fatana a ce ya yi ɗaci, ko warin toka, ko ya tsufa ya ƙi tuƙuwa, in samu abin da zan riƙe in ce da ma ba zai yi mata amfani ba. Na juya lomar a baki, a hankali. Tuwon ya yi daɗi. Ya yi laushi ƙwarai, irin wanda marar lafiya zai haɗiye ba tare da ya tsaya masa a ƙirji ba.